Kafin ka sa diga a tsohon gidanku na cikin birni: yadda ake neman izinin gyara ko gini a cikin badalar Kano

Da zarar damina ta ɗauke zaka fara ganin tifofi suna juye yashi a bakin lungunan cikin birni, yara da baro suna ta shigar da shi ciki, kowa yana so ya gyara ɓarnar da ruwan Agusta ya yi masa kafin wata daminar ta zagayo. Mu ma haka ta faru da mu a gidanmu na gado, gidan ƙasa ne tun na kakan mahaifinmu, soron baya ya tsage tun daga rawani har ƙasa, kuma ni aka ɗora wa zirga-zirgar takardu tunda ni ne nake zaune a gari. Daga ranar da muka fara maganar zuwa ranar da magini ya kama aiki sai da muka ci wata bakwai, kuma wallahi fiye da rabin lokacin nan ba a ofishin gwamnati ya tafi ba, a cikin gida da wajen maƙwabta ya tafi. Shi yasa nace bari in jera wa duk mai irin wannan niyya yadda hanyar take. Abu ɗaya dai zan roƙe ka tun yanzu, dan Allah kar ka rushe komai, ko katangar banɗaki ce, sai ka gama zagayen nan kaf. Bulo in ka rushe gobe ka sayo wani, amma bakan gizo da ɗaurin guga, wato bakunan ƙasa da magina suke ɗaurewa su tallafe rufin soro, in suka zube masu iya mayar da su yanzu sai an tona.

Abu na farko, tun kafin ka kira kowa, ka tsaya ka gane a wane irin wuri gidanku yake, don cikin birni ba duka ɗaya bane a idon hukuma. Akwai abinda gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa, kamar ita badala da ƙofofinta da Gidan Makama, waɗannan suna ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa wato NCMM, wadda aka kafa da doka mai lamba 77 a 1979, kuma dokar ta hana kowa ya rushe ko ya canza ko ya yi haƙa a jikinsu sai da izinin hukumar a rubuce. Akwai kuma gidajen da ke maƙwabtaka da manyan wuraren tarihi, gindin Dala, kewayen kasuwar Kurmi, bayan gidan sarki, wajen marinar Ƙofar Mata, inda ko ba wanda ya ce maka komai hankalinka zai baka cewa ido yana kan wurin. Sai na uku, wanda yawancinmu nan muka faɗo, gidan zama a tsakiyar lungu a Yakasai ko Mandawari ko Sheshe ko Madabo ko Koki, ya tsufa, yana da daraja a wajen dangi, amma sunansa baya cikin kundin kowa.

Badalar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, Muhammadu Rumfa da ya yi daga 1463 zuwa 1499 ya faɗaɗa ta, shi ne kuma ya gina gidan sarki ya kafa Kurmi. A 2007 Najeriya ta saka badala da Dala da Kurmi da gidan sarki a jerin wuraren da take fatan UNESCO, hukumar ilimi da al’adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta karɓa a matsayin kayan tarihin duniya, jerin jira kenan, ba kamar tsohon garin Agadas na Nijar ba da aka riga aka karɓa tun 2013. Toh kaga abinda wannan yake nufi a wajenka abu biyu ne. In filinka ya taɓa badala, doka mai nauyi ce a kanka. In kuwa gidan lungu ne, ba wanda zai taso daga Abuja ya zo ya kare maka zaure, in ka ga dama ka baje shi ka dasa shaguna wataƙila takardar ma ta fito, don haka tsayawar zauren nan ko faɗuwarsa a wuyanka take kai da ’yan’uwanka, kuma gaskiya wannan shi ne abinda yafi damuna a duk maganar.

Tarkon badala shi ne a wurare da yawa ba ka ganinta. An ɗebe ƙasar an yi gini da ita, ruwa ya cinye saura, sai ka ga fili shafe kamar ba a taɓa yin komai a wurin ba, musamman in ka bi titin BUK daga Ɗan Agundi ka wuce Na’isa da Gadon Ƙaya har Dukawuya da Kabuga. Dillali zai nuna maka ya ce ai fili ne mai takarda. Ganuwa ta rushe amma layinta yana nan a taswira, kuma gwamnati tana canzawa. Kowa ya ga abinda ya faru a watan Yuni na 2023 da aka fara rusau, shagunan filin Idi suka tafi, gine-ginen da aka yi a jikin badala suma suka shiga layi, alhali da yawa daga masu su suna riƙe da takardu a hannu. In dai filin da ake tallata maka yana kan layin ganuwa ko cikin ramin da ke bayanta, ni shawarata ka haƙura da shi kawai, ko nawa aka rage maka.

Mataki na biyu cikin gida yake, kuma nan ne aiki yake. Yawancin gidajen cikin birni gidajen gado ne da ba a raba ba, wani ma hawa biyu ko uku na gado ne a kansa, kaka ya rasu ba a raba ba, ’ya’yansa sun rasu ba a raba ba, yanzu jikoki sun kai talatin wasu suna Legas wasu suna Saudiyya wasu mata ne suna gidajen aurensu. Kai da kake zaune a ciki kana ganin gidanku ne, amma a shari’a kowanne daga cikinsu yana da kaso a kowace katanga. Ka tara su, wanda baya gari a kira shi a waya a gaban shaidu, a faɗi abinda za a yi dalla-dalla, wane ɗaki za a taɓa, wane ne zai biya, kuma kuɗin da mutum ya kashe kyauta ce ya yi wa gida ko bashi ne da za a cire masa ranar rabo. Wannan tambayar ta ƙarshe mutane suna jin nauyin yinta, ita ce kuma take raba zumunci bayan shekara goma. A rubuta, kowa ya sa hannu, mata ma su sa da kansu, kar wani yaya ya ce ya wakilce su ba tare da sun sani ba. In an ga rabon ne mafita a je kotun Musulunci a raba a karɓo takardar kotu, ita ce zata zama tushen duk takardar da zaka nema a gaba. In kuma kai saye kayi daga hannun ɗaya daga cikin magada, ka sani a Malikiyya sauran abokan tarayya a gidan da ba a raba ba suna da haƙƙin shuf’a, zasu iya biyan kuɗin su karɓe kason, don haka kar ka zuba ko buhun siminti ɗaya sai ka tabbatar sun sani sun kuma yafe.

Kuma ka zauna da tsofaffin gidan, ba don neman albarka kaɗai ba. Mu ranar da muke auna tsakar gida da igiya, Gwaggo tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakinta tana kallonmu bata ce komai ba, sai da taga na kafa turke a kusa da bishiyar lalle sannan ta ce, “Kai ɗan nan, me zaku sa a nan?” Nace, “Gwaggo fila ce zata tsaya a wurin.” Ta miƙo sandarta ta ƙwanƙwasa ƙasan sau biyu ta ce, “Rijiya ce a nan, tun ina budurwa aka cike ta da shara da toka.” Ba wanda ya sani a cikinmu, ba takardar da zata nuna maka wannan. Ƙasan cikin birni cike take da tsofaffin rijiyoyi da salga da kududdufan da aka cike, mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune a wuri ɗaya, kuma wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

Na uku, ka ɗauki hoton komai kafin a taɓa. Kowane ɗaki, rufin ta ciki, zanen jikin zaure, zankwaye, indararo, ƙyauren ƙofa, da duk katangar da kuka haɗa da maƙwabci ta fuskarku da ta fuskarsa in ya yarda, har tsagar da ke jiki ka sa wani abu kusa da ita don a ga girmanta. Hotunan nan zasu yi maka aiki a wajen mai zane, zasu yi maka a ofis, kuma ranar da maƙwabci ya ce aikinku ne ya tsaga masa ɗaki su ne shaidarka.

Daga nan ka kawo mutum biyu su duba gidan, tsohon magini na ƙasa da injiniya, in da hali rana ɗaya. Dalili kuwa, injiniyoyi da yawa basu karanci ginin tubali ba, da sun ga tsaga sai su ce a sauke duka, shi kuma magini zai iya raina nauyin dekin da kake son ɗorawa. Ginin ƙasa ba a banza ake yinsa da kauri a gindi yana sirancewa zuwa sama ba, tubalin da aka mulmula da hannu ake jerawa kan yana kallon sama ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, azarar giginya kuma gara bata cika damunta ba amma bata iya tsallake fili mai faɗi ita kaɗai, shi yasa magina suke ɗaure baka su tallafe rufin. Wanda ya san wannan zai kalli tsaga ya gaya maka ta yaɓe ce ko ta gindi ce. Mu Baba magini ya zagaya soron sau biyu yana bugun bango da tafin hannu yana saurare, ya hau sama ya sauko ya ce bangon lafiyarsa ƙalau, indararo ne ya toshe ruwa yake kwanciya yana bin kusurwa ɗaya, kuma injiniyan da ya duba gindin ya yarda da shi. Da mun bi maganar farko da tuni soron yana cikin tifa.

A nan ne zaka yanke shawarar da komai ya rataya a kanta, gyara zaka yi ko rushewa da sabon gini. Yaɓe, canza azarar da ta ruɓe, gyaran indararo, daɓe, waɗannan kula da gida ne da aka saba yi duk shekara. Amma da zarar ka ce zaka sauke ɗaki ka tayar da na bulo, ko ka ɗora bene, ko ka fasa katangar waje ka fitar da shago, ko ka mayar da gidan zama makaranta ko sito, toh ka shiga abinda sai da izinin hukumar tsara birni. Kuma ka sa a ranka cewa in ka rushe gaba ɗaya, sabon gini za a ɗauke shi, ana iya ce maka ka ja baya daga bakin hanya ka bar wa kwata wuri, a gidan da dama faɗinsa bai taka kara ya karya ba wannan ja da bayan zai iya cinye maka ɗaki guda. Mutane da yawa sai bayan sun baje gida suke jin wannan maganar.

Na huɗu, maƙwabta da mai unguwa. A cikin birni da wuya ka sami gidan da yake tsaye shi kaɗai, katanga ɗaya ce tsakaninku, wani lokacin azarar ɗakin maƙwabcinka a cikin bangonku take kwance, ka sauke naka nasa rufin ya biyo. Ka je da kanka, ba aike ba, bayan la’asar ko bayan isha’i ka yi sallama a zaure ka ce, “Alhaji, gyara muke son yi, nace bari in zo ka gani da idonka kafin mu fara.” Ka shigo da shi ya ga inda za a taɓa. Abubuwan da zaku daddale su ne katangar tarayya wa zai biya in ta motsa, ina ruwan rufinku zai zuba, ina kwatarku zata bi, ina za a haƙa sokawe don kar ya matsi gindin bangonsa ko rijiyarsa, ina za a juye yashi da bulo tunda lungun mota bata shiga, sai babbar magana wato taga da bene. In ka ɗora bene tagarka tana kallon tsakar gidan mutum inda iyalinsa suke girki suke wanki, ka cuce shi ko da hukuma ta buga maka hatimi goma, kuma malamanmu sun daɗe da yin bayani a kan wannan ƙarƙashin hadisin babu cuta babu cutarwa. A ɗaga tagar sama da tsayin mutum ko a juyar da ita, a ja rawanin bene ya yi tsawo, tun a takarda ake gyara wannan, tun ran gini tun ran zane.

Sai ku ɗunguma wajen mai unguwa tare. “Ranka ya daɗe, mun zo ne mu sanar da kai zamu yi aiki a gida, ga abinda muka yi da maƙwabta.” Ya sa hannu a matsayin shaida, in akwai taƙaddamar iyaka shi ya san tarihin kowace katanga ko ya san dattijon da ya sani, in ta fi ƙarfinsa ya tura gaba, cikin birni akwai wakilan fuskoki huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa, sannan hakimi. In gidan yana dab da wata ƙofa ka gaida sarkin ƙofar shi ma. Amma fa ka riƙe wannan da kyau, takardar mai unguwa shaida ce ta cewa gidan naku ne kuma ba rigima, ba izinin gini bace. Na ga mutane sun tsaya a nan sun ce ai mai unguwa ya sani, sai da jan fentin hukuma ya bayyana a bango suka gane.

Na biyar, takardar fili. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna ne a matsayin amana, shaidar da hukuma ta fi ganewa ita ce takardar mallaka da ake kira C of O, kuma gidajen cikin birni da yawa basu da ita, abinda ke akwai shi ne takardar ciniki ta da, wata ma da ajami, ko takardar rabon gado, ko kuma ba komai sai sanin unguwa. Ka tattara duk abinda kuke da shi kayi hoto ka adana na asalin, ka je ma’aikatar ƙasa da safiyo da KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye na jihar Kano, ka tambayi yadda ake shigar da tsohon gida cikin rajista. Za a buƙaci safiyo mai lasisi ya auna ya fitar da taswirar filin, kuma ranar awon ka tabbata maƙwabta suna tsaye, kar a kafa alama a bayan idonsu. A nan ne kuma zaka gane ko akwai wani shirin faɗaɗa titi ko magudanar ruwa da ya bi ta kan gidan, wanda gara ka ji shi yanzu.

Na shida ya shafi wanda gidansa yake kusa da badala ko ƙofa ko wani wurin tarihi, in kai can tsakiyar lungu kake zaka iya wucewa, kodayake zuwan baya cutarwa. Ka je Gidan Makama, nan ma’aikatan NCMM suke a Kano, ka tafi da hotuna da taswirar safiyo da wasiƙa gajeriya mai cewa ga wurin, ga abinda nake son yi, ina neman a zo a duba a bani matsaya. Kayi kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa a ɗaya ka dawo da ita. Ka leƙa Gidan Ɗan Hausa ma, inda hukumar tarihi da al’adu ta jiha take. Abinda kake nema shi ne amsa a rubuce, ko da layi uku ne, cewa aikinka bai shiga hurumin kayan tarihi ba, ko kuma ga sharaɗin da zaka bi. “Ba komai, je ka yi” na baki ba ya tsayawa a gaban katafila, wanda ya faɗa maka ma wataƙila an canza masa wurin aiki kafin lokacin. Kuma ka yi amfani da zuwan ka tambaye su magina, tunda ginin Gidan Makama kansa na ƙasa ne kuma ana yi masa gyara, sun san masu hannun da suka rage.

Na bakwai shi ne zane da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ita ke bada izinin gini. Ka nemi mai zanen gini da ke da rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gini ta ƙasa, in akwai bene ko dekin sai injiniya mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ya yi zanen ƙarfe da tushe ya buga hatiminsa, kuma a irin ƙasar da na gaya maka ta cikin birni ka yarda a gwada ƙasar kafin a ɗora bene, kuɗin gwajin bai kai kuɗin fila ɗaya da ta nutse ba. Ka ce wa mai zanen ya fitar da gidan yadda yake a yanzu tukuna, sannan ya nuna abinda zai tsaya da abinda zai tafi da abinda za a ƙara, kar ya ɗauko maka zanen gidan GRA ya matse shi a filin lungu. Ka gaya masa ƙarara zaure yana nan, tsakar gida tana nan. Zauren nan shi ne inda ake karɓar baƙo ba tare da ya ga cikin gida ba, nan ake ɗaurin aure nan ake zaman makoki nan yara ke karatun allo, kuma kaurin bangonsa ne yake sa ka shiga da rana tsaka a watan Afrilu ka ji sanyi ba fanka.

Abinda aka saba nema a fayil shi ne takardar mallaka ko shaidar da ke madadinta, taswirar safiyo, zanen gini kwafi da yawa masu hatimi, zanen injiniya in da bene, shaidar biyan haraji, hotunanka, sai fom da kuɗin dubawa. Ka haɗa da takardar magada da ta maƙwabta da amsar Gidan Makama in ka karɓo, ko ba a tambaya ba, suna rage tambayoyi. Ka shiga ofis da ƙafarka ka tambayi kuɗin a kan tebur, ka biya ta hanyar da gwamnati ta tsara ka karɓi rasit mai lambar fayil. Mu a nan muka yi asara, wani mutum a unguwa da ba ma’aikacin ko’ina bane ya ce ya san hanya zai fito mana da takarda cikin sati biyu, muka bashi kuɗi da kwafin takardu, wata biyu yana gobe jibi, da na je da kaina na tarar ko fayil ba a buɗe ba. Bayan ka shigar za a turo masu duba wuri, ka kasance a gida ranar, ka zagaya da su, in sun ce a gyara wani abu a zanen ka sa a rubuta maka a mayar wa mai zane. Ka riƙa leƙawa da lambar fayil ɗinka duk sati cikin ladabi. Kuma komai matsin da magini zai yi maka cewa rani yana wucewa, kar a fara sai zanen ya dawo da hatimin amincewa, kayi kwafi ka ajiye ɗaya a wurin aiki cikin leda.

In kana Zariya ko Katsina hanyar kusan ɗaya ce, sunan hukumar ne yake canzawa, a jihar Kaduna KASUPDA ce.

Toh izini ya fito, saura aikin. Ginin ƙasa da rani ake yinsa, a fara bayan kaka a gama kafin ruwan farko, don tubali da yaɓe suna son su bushe a hankali har ciki. Kuskuren da yafi kashe tsofaffin gidaje a garin nan shi ne filastar siminti a kan bangon ƙasa. Shekarar farko zaka ga ya yi kyau kamar sabon gida, amma siminti baya barin bango ya yi numfashi, danshi yana hawowa daga ƙasa ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta riƙa narkewa a ɓoye, ka ƙwanƙwasa ka ji fanko, wata rana cikin Agusta filastar ta ɓallo gaba ɗaya da rabin bangon a jikinta. Magabata da makuba suke shafe bango, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi da wuraren da ruwa yafi duka kuma a sa laso, haɗin katsi na ramin marina da gashin jima da dafara, kaga marina da majema da magina duk sana’a ɗaya ke ciyar da ɗaya. In zaka haɗa sabon ɗakin bulo da tsohon bango kar a ɗaure su da rodi kamar abu ɗaya, kowanne da yadda yake motsi, a bar kowa ya tsaya da ƙafarsa, kuma kar a ɗora kankare a kan bangon ƙasa. A gyara gindin bango ta waje yadda ruwa zai gudu daga jikinsa, indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa, famfo da banɗaki a nisanta su daga tsohuwar katanga. Azarar da aka sauke mai lafiya kar a bari leburori su faskara ta, ita da tsohon ƙyaure da ƙasar bangon da aka rushe duk ana sake aiki da su, tsohuwar ƙasar ma magina sun fi sonta.

Ka tsaya a kan zanen da aka amince maka. In an baka hawa ɗaya kar ka ce bari in ƙara tunda rodi ya ragu, in zaka canza ka koma a gyara takardar. Kar barandar bene ta leƙo kan lungu, kar dakali ya cinye hanya, lungun da ake fitar da makara ta cikinsa ne. In kuma wajen haƙar tushe aka ci karo da tsofaffin tukwane ko wani abin da ka ga na mutanen da ne, a dakata da haƙa a wurin, kar a wanke kar a rarraba, ka ɗauki hoto ka sanar da Gidan Makama, dokar 1979 ɗin nan kwana bakwai ta bayar a kai rahoto. In ƙasusuwan mutane ne, tunda wasu gidajen da akwai kaburbura a cikinsu, a rufe a kira mai unguwa da liman kafin a ci gaba.

Da an gama, ka haɗa komai a jaka ɗaya, yarjejeniyar magada, ta maƙwabta, taswira, rasit, zane mai hatimi, hotunan kafin aiki da na bayansa, kayi kwafi ka ba mutum biyu a dangi, ɗaya a cikin mata. Mu tamu jakar tana cikin akwatin Gwaggo. Sannan duk shekara wajen watan Afrilu a hau rufi a share indararo, a toshe duk tsagar da aka gani a sabunta yaɓe inda ya zaizaye, mu yanzu yini biyu yake ɗaukar magini da yaro ɗaya.